"Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba", to idan gyaran sai an sauke fa?

Maman Ilham:
Slm yan uwa, dan Allah a warware min wannan karin maganar, kwana biyu tana min yawo a kai. Yayar maigidana ce ta zo mana kwana daga Zariya, da safe muna karyawa a falo ta ɗaga kai ta kalli shogilas ɗina tace Maman Ilham yaushe rabon da a ci abinci a kwanukan nan? Nace Yaya ai kayan jere ne tun na aure. Tace to sun zama gidan ƙura da kyankyaso, ki rage su ɗakin ya sha iska, kuma kar ki ji haushi gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Gsky naji haushin, har ta tafi ban saki jiki da ita ba. Sai da hunturu ya kankama na taka kujera zan goge sama, wlh abin da na gani ya tada min hankali, kwano ya fi arba'in, kuloli shida ko ledarsu ban cire ba shekara tara, ga kashin ɓera a bayansu. Na sauke komai na wanke, na ɗauki wanda nake amfani da shi sauran na ba ƙanwata da za a aurar da wata maƙociyata, yanzu falon kamar an ƙara masa faɗi. Tambayata, ita tace gyara ba sauke mu raba bane amma ni nawa gyaran bai yiwu ba sai da na sauke na raba. Maganar ce bata hau wurin ba ko ni ce ban gane ta ba?

Malam Na Gwanja:
Wslm Hajiya. Maganar ta hau daram. Ki kawo hoton a ranki, ayarin fatake ne sun taso daga Kano za su Salaga a ƙasar Gwanja sayo goro, tafiyar watanni, kaya a kan jakuna wasu a ka. Mangala in ta karkace mai ita ba ya gani don yana gaba yana jan akala, na bayansa ne ke gani. In yace masa gyara kayanka, zuciya sai ta raya masa wannan so yake in sauke ya ga abin da ke ciki ya samu rabo. To karin maganar wanke mai nasiha take yi, wato ba ni da ko anini a cikin kayanka. Kalmar da za ki riƙe ita ce MU. Yayar taki ta ɗauki ko murfin kwano ɗaya ta tafi da shi Zariya? Tunda bata ɗauka ba ai ba "mu raba" aka yi ba, ke kika raba da hannunki don ranki ya so, wannan kyauta ce.

Ummu Sultan:
Malam ayi haƙuri ni fa ban gamsu ba. Wannan karin maganar ta zama lasisin shiga sharo ba shanu, mutum ya shigo gidanki ya gama kushe labulenki da kafet ɗinki da yadda kika ajiye bokiti sannan ya rufe da gyara kayanka, shikenan ke kuma baki da bakin magana. Ai Bahaushe ɗin nan dai shi yace mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma kayan jere ba tarkace bane, uwa ce ta yi shekaru tana zubin adashi tana tarawa tun yarinya na firamare, dukiyar mace ce, ranar da ta ɓaci shi take ɗauka ta sayar, ni na ga wadda kulolinta suka biya kuɗin asibitin ɗanta.

Malam Na Gwanja:
Gaskiyarki a kan masu fakewa da ita, amma laifin mai faɗa ne. Wanda ya hango kaya ya karkace a hankali yake faɗa, ba ya tara maka jama'a.

Inna Ta Damagaram:
'Ya'yana ku bari tsohuwa ta sa baki. Ummu Sultan ɗiyata, jeren da kike karewa shi kanshi sau nawa ya canza a idona? Kakata ƙore ta jera, masu zane, a ɗora wata kan wata har kusa da rufi. Uwata tasoshi da kwanonin sha masu fure. Ni aka min fanteka da samira da kumbo, ku kuma tangaran da kula. Kowace a cikinmu sai da ta sauke na uwarta kafin ta jera nata, babu wadda aka ce ta zubar da al'ada. Kuma kyan ɗaki a zamaninmu a hannu yake, a yi daɓe a shafe shi da makuba ta bawon ɗorawa har ya yi sheƙi, sallah ta matso a shafe bango da farar ƙasa, tsakar gida shara safe da yamma a yayyafa ruwa ƙura ta kwanta, a sa garwashi a kasko a zuba turaren wuta. Ku je unguwar Birni nan Zinder ku ga gidajen ƙasa masu zane a fuska, wanda ake bi da yaɓe yana nan tsaye da kyansa, wanda magada suka ce haka muka gada ba mu taɓawa damina ta cinye shi. Mai gidan ƙasa ba ya fushi in an ce masa bangonka ya tsage, godiya yake, ya san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ummu Sultan:
Inna na karɓi ta ƙore da tasoshi, ban taɓa kallonsa haka ba. Amma ina nan a kan bakana, a bar mai kaya ta sauke da kanta ranar da ta shirya.

Bawan Allah Sakkwato:
Ni dai abin da ni gani, hali zanen dutse na. Mata da munka sani sun rage kaya, shekara guda sun sake cika wuri. A bari a gani bayan sallah babba.

Maman Ilham:
Haba Malam kar ka karya min gwiwa mana. Hali daban sabo daban. Ni ba son tara kaya ne halina ba, tsoro ne, kar dangin miji su shigo su ce ɗakin wance fayau ba komai. Ranar da na gane dangin mijin ma ƙurar suke gani, tsoron ya fita.

Anti Nas:
Ku bar ni in tsaya a kan kashin ɓeran nan don shi ya fi damuna. Zazzaɓin Lassa da aka fara ganowa a garin Lassa ta jihar Borno a 1969 ɓera ke yaɗa shi ta fitsari da kashinsa a kan abinci da kwanuka, kuma a rani ya fi tashi, daidai lokacin da muke rufe tagogi saboda sanyi. Duk lungun da tsintsiya bata kaiwa nan ne gidansa. Haka tsohuwar taya da gwangwani a bayan ɗaki, damina na zuwa su tara ruwa sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa. Da can duba-gari ke shiga gida gida yana leƙa randa, yanzu a Kano sai Asabar ɗin ƙarshen wata ake tsaftar muhalli, to wata guda ɓera ya yi iyali. Abinci a mazubi mai murfi, kwanon dare kar ya kwana ba wanki, kuma kayan da za ki ajiye ki ajiye su yadda za ki iya jan su ki share bayansu.

Abban Khalifa:
Anti Nas kin taɓo ni. Kowa na maganar kwanukan mata, mu maza fa? Zaurena akwai mataccen janareto, tayoyin mashin huɗu, buhun siminti da ya daskare tun ginin katanga, duk da sunan wata rana za su yi amfani. Uwargida ta yi magana ya fi sau goma ina ɗauka raini ne. Malam Na Gwanja tambaya, ya dace na ƙasa ya faɗa wa na sama wannan karin maganar? Don da ita ta faɗa min da ina jin faɗa za mu yi.

Malam Na Gwanja:
Alhaji a yadda na saba ji, tsakanin tsara ake faɗarta ko babba ga ƙarami, yaro ya faɗa wa ubansa kam ya yi tsauri. Amma ai a ayari ba a duba shekarun wanda ke baya, shi dai ya hango. Ka kira masu gwangwan gobe su auna janareton, ka ba ta kuɗin ta sai fenti.

Abban Khalifa:
In sha Allah gobe da safe kafin in fita kasuwa.

Maman Ilham:
Na gode sosai wlh. Ɗazu bayan la'asar na kira Yaya na ba ta haƙuri, tace ita har ta manta, wai da ta dawo za ta taho min da turaren wuta na Maiduguri. Ummu Sultan kema ban ƙi taki ba, akwai tasa ɗaya ta tagulla ta kakata ce ta wajen uwa, ita kam ba inda za ta, na sa ta ita kaɗai a tsakiyar shogilas ɗin, da can ko ganinta ba a yi saboda cunkoso. Sai dai ta yi baƙi ƙirin, Inna da me kuke goge ta?

Inna Ta Damagaram:
Jiƙa tsamiya ta yi kauri ɗiyata, ki haɗa da toka mai laushi wadda kika tankaɗe, ki murza da tsumma a hankali kar ki sa soson ƙarfe zai karce zanen. Ki ɗauraye ki goge ta ta bushe sarai kafin ki mayar.