Kwashe kuɗin fansho daga Birtaniya zuwa Ostireliya: nawa haraji zai ci?

Baban Iman:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman masu ilimin wannan harka su warware mini. Mutum ne ɗan shekara 56, ya yi aiki a Birtaniya, yanzu wata huɗu ke nan da ya tattara ya koma Ostireliya da zama na dindindin. Yana da fam 240,000 a asusun fanshon kamfani, irin wanda ake zuba kuɗi ana juya su, sannan yana da ɗan fansho na shekarun da ya yi a NHS, hukumar kiwon lafiya ta gwamnatin Birtaniya. Yana so ya kwaso komai ya zuba a asusun ritaya na Ostireliya. Wasu sun ce Birtaniya za ta yanki kashi 25 cikin ɗari, wasu sun ce babu ko kwabo. Wanne ne gaskiya? Kuma ita Ostireliyar fa, za ta karɓi nata?

Malam Akanta:

Wa alaikumus salam Baban Iman. Duka biyun suna iya zama gaskiya, ya danganta da inda kuɗin za su sauka.

Hukumar harajin Birtaniya, HMRC, ba ta yarda a tura kuɗin fansho ƙasar waje sai zuwa asusun da ya cika sharuɗanta, wanda ake kira QROPS. Tana fitar da jerin sunayen asusun da suka sanar da ita cewa sun cika, ana sabunta shi sau biyu a wata. A duba shi ranar da za a sa hannu, a sake dubawa ranar da kuɗin za su fita, domin suna yana iya sauka a tsakani. Kuma ita kanta hukumar ta faɗa ƙarara cewa ganin suna a jerin ba tabbaci ba ne. Idan kuɗin suka faɗa asusun da ba QROPS ba, ana ɗaukar abin a matsayin cire kuɗi ba bisa ƙa'ida ba: haraji kashi 40, da ƙarin kashi 15, wato kashi 55. A kan fam 240,000, fam 132,000 ke nan.

Kashi 25 ɗin da kake ji kuwa ya soma aiki ranar 9 ga Maris 2017. Ba ya hawa kan wanda yake zaune a ƙasar da asusun yake. Tunda mutuminka yana Ostireliya kuma asusun na Ostireliya ne, ya kuɓuta. Waɗanda abin yake kamawa su ne irin mai zama a Dubai da zai tura kuɗinsa Malta: fam 200,000 za su isa fam 150,000. A da akwai sassauci ga asusun ƙasashen yankin tattalin arziƙin Turai da Jibralta, amma an soke shi ranar 30 ga Oktoba 2024. Akwai kuma rufin fam 1,073,100 da aka sa tun 6 ga Afrilu 2024, abin da ya haura shi ana yankar kashi 25 ko ina mutum yake, amma wannan bai shafe ku ba.

Wurare biyu ne mutane suke tuntuɓe. Na farko fom mai lamba APSS263, wanda mai kuɗin yake cikewa ya ba kamfanin fanshonsa. Idan bai kai shi cikin kwana 60 da neman tura kuɗin ba, za a yanki kashi 25 ɗin ko da ya cancanci a ɗauke masa. Na biyu, kuɓutar ba ta tabbata sai an cika shekarun haraji biyar cikakku. Shekarar harajin Birtaniya tana farawa 6 ga Afrilu. Wanda ya tura a Nuwamba 2025, igiyar tana ƙafarsa har 5 ga Afrilu 2031. In ya bar Ostireliya ya koma Singafo ko Kanada kafin lokacin, harajin zai biyo shi, kuma wajibi ne ya sanar da asusun cikin kwana 60.

Na NHS kuwa a cire shi daga lissafi. Tun Afrilu 2015 aka hana kwashe fanshon ma'aikatan gwamnati irin wanda ba shi da tarin kuɗi a ajiye, kamar na NHS da malaman makaranta da sojoji, zuwa asusun da ake juya kuɗi. Zai zauna inda yake, a riƙa biyansa in lokaci ya yi.

Maman Khalifa:

Malam Akanta ya gama da ɓangaren Birtaniya. Ni damuwata wata huɗun nan da ka ambata, Baban Iman, domin agogo yana tafiya.

Dokar Ostireliya ta ce idan kuɗin suka iso cikin wata shida daga ranar da mutum ya zama mazauni ta fuskar haraji, babu haraji a kansu. In aka wuce wata shida, ba uwar kuɗin ake taɓawa ba, ribar da suka yi daga ranar da ya zama mazauni zuwa ranar turawa ake sa wa haraji. Saboda haka abu na farko da zai yi yau ɗin nan shi ne ya rubuta wa kamfanin fanshonsa ya nemi takardar da ta nuna darajar asusun a ainihin ranar da ya zama mazauni. Bayan shekara uku ko huɗu samun wannan adadi yana wahala, kuma babu shi babu lissafi. Misali, in ranar fam 232,000 ne, ranar turawa kuma 250,000, bai ƙara zuba komai ba, to a kan fam 18,000 ake magana. Yana da zaɓi: a haɗa ribar da kuɗin shigarsa na shekara a yanka gwargwadon matakinsa, ko ya cike takardar zaɓi ta hukumar harajin Ostireliya, ATO, asusun ya biya kashi 15. Ga mai albashi mai kauri na biyun ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Gaskiya wata biyun da suka rage da wuya su isa. Tun 2015 akasarin manyan asusun ritaya na Ostireliya suka fita daga jerin HMRC, saboda dokarsu tana barin a ciri kuɗi kafin shekara 55 in mutum ya shiga matsi. Abin da ya rage galibi ƙananan asusu ne da mutum yake kafawa ya gudanar da kansa, SMSF, waɗanda takardar kafa su ta ce ba a shiga sai an kai 55. Sai an rubuta takardar, an yi rajista da ATO, an buɗe asusun banki, an aika wa HMRC fom APSS251, an jira suna ya fito. Sannan kamfanin Birtaniya ya yi nasa binciken, wanda tun Nuwamba 2021 ya ƙara tsanani: za su nemi shaidar zama a ƙasar, suna iya tura shi ganawa da MoneyHelper, masu ba da jagora kan kuɗi da fansho da gwamnatin Birtaniya take ɗaukar nauyinsu, kafin su saki kuɗin. Kada ya yi gaggawa don wata shida. Kashi 15 na 'yar ribar watanni ba abin da za a yi kasadar kashi 55 a kansa ba ne.

Babbar matsalar ma rufin zubi ce. Ana lissafa kuɗin a cikin zubin da mutum yake yi daga aljihunsa, wanda a shekarar 2024 zuwa 2025 iyakarsa dalar Ostireliya 120,000 ce, ko 360,000 in aka haɗe na shekara uku. A canjin kusan dala biyu kan fam ɗaya, fam 240,000 sun doshi dala 480,000, sun fasa rufin. Abin da ya haura, in aka bar shi a asusun, kashi 47 ake yanka.

Baban Iman:

Na gode ƙwarai Malam, na gode Hajiya. To ba sai ya tura rabi bana, ya bar sauran sai bayan shekara uku ba?

Maman Khalifa:

Haka ake yi, amma da tsari. Zaɓin kashi 15 ba ya samuwa sai in bayan turawar ba shi da ko kwabo a asusun da kuɗin suka fito. Shi ya sa ake fara raba kuɗin gida biyu tun suna Birtaniya, kowane kaso a asusun SIPP nasa daban, wato asusun fansho na ƙashin kai da mutum yake zaɓar yadda za a juya kuɗinsa, sannan a kwashe ɗaya ƙarƙaf, ɗayan ya jira rufin ya sake buɗewa.

Kawu Na-Allah:

Ɗana Baban Iman, kafin a shiga ɗawainiyar nan a tambayi mutumin ko yana buƙatar taɓa kuɗin kafin ya kai 60. A Birtaniya ɗan shekara 56 yana iya cira yau, domin iyakar 55 ce, sai 6 ga Afrilu 2028 za ta koma 57. Da zarar kuɗin sun shiga asusun Ostireliya sun kulle sai ya kai 60 ya ajiye aiki, ko ya cika 65. Amfanin jiran shi ne bayan 60 abin da ya cira babu harajin Ostireliya a kai, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

In ya bar su a Birtaniya, yarjejeniyar ƙasashen biyu ta hana biyan haraji sau biyu ta ba ƙasar da yake zaune haƙƙin harajin fanshon da ake biya a kai a kai. Zai cike fom ɗin yarjejeniyar, ATO ta tabbatar da zamansa, HMRC ta ba kamfanin lambar NT don a daina yanka daga tushe. Biyan farko yawanci ana yanka masa harajin wucin gadi, daga baya a maido. Haka na NHS ɗin ma zai nemi a duba masa a ƙarƙashin yarjejeniyar. A kula da wani kashi 25 daban, wanda Birtaniya take bari a cira daga fansho babu haraji, har zuwa fam 268,275: wannan alfarma ce ta Birtaniya kaɗai, ATO za ta auna shi da nata ma'aunin ribar da Hajiya ta bayyana.

Sannan SMSF nauyi ne: binciken lissafi kowace shekara, kuɗin akanta, da rahoton da asusun zai riƙa ba HMRC na tsawon shekara goma kan duk abin da aka cira. Wanda zai ba shi shawara ya kasance yana da lasisi a ƙasashen biyu, ko mutum biyu masu aiki tare, kuma ya rubuta ladansa a takarda tun kafin a fara.

Malam Akanta:

Ƙari ɗaya kan maganar Kawu. Fanshon tsufa na gwamnatin Birtaniya ba ya cikin abin da ake kwashewa, biyansa ake yi a duk inda mutum yake, kuma sa'ar mutuminka sai ya kai 67 za a fara biyansa. Amma a Ostireliya ba a yi masa ƙarin shekara-shekara, adadin da aka fara biya a kai zai tsaya. Ya shiga shafin gwamnatin Birtaniya ya duba yawan shekarun da ya biya inshorar ƙasa, National Insurance: goma ne mafi ƙaranci, 35 ake nema a ba da cikakke.