Gaton tuffa yana fitowa da danshi a tsakiya, ina gyaran yake?

Maman Nafisa, Yamai:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar gato, wato kek. Gaton yawur na yau da kullum yana fita lafiya lau, amma da zarar an sa masa tuffa, wato pom, sai abu ya lalace: gindin ya ƙone, tsakiyar ta zauna caɓa-caɓa kamar ba ta ga wuta ba, tuffar kuma duk ta nutse ta taru a ƙasa. Awon da nake yi shi ne robar yawur 1, sukari roba 2, fulawa roba 3, mai rabin roba, ƙwai 3, lewur (garin da ke sa gato ya tashi) fakiti 1, sai jar tuffa 4 da nake yankawa manya-manya. Babu fur, wato tanderun gashi, a cikin tukunya nake gasawa a kan gaz. Laifin awo ne, ko na tuffar, ko na wuta? Allah ya saka da alheri.

Hajiya Mai Gato, Wadata:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Awonki na gaton yawur daidai yake, amma an tsara shi ne domin ƙullun da ba a ƙara masa ruwa ba. Ita tuffa kusan kashi 85 cikin 100 nata ruwa ne. Tuffa 4 matsakaita sun kai giram 600, kin ga ke nan kin zuba wa ƙullun ruwa kusan rabin lita a ɓoye. Ba duka ne zai fito ba, amma wanda ya fito, a tsakiyar gaton yake tsayawa, inda zafi yake isa daga ƙarshe. Abin da kike gani caɓa-caɓa ke nan.

Fara da irin tuffar. Ki riƙa duba ƴar takardar da ke manne a jikinta. Jar nan mai ratsin rawaya, Gala, ta ci ce da hannu: zaƙi gare ta, tsami kaɗan, idan ta sha wuta ɗanɗanonta ya kan dushe. Koriya shar mai tsami, Granny Smith, ita ce ta gashi, domin tsaminta yana taimaka mata ta riƙe jikinta, kuma yana karya zaƙin gaton. Rawayar nan, Golden, tana tsakani: tana da ƙanshi, tana laushi da wuri amma ba ta narkewa gaba ɗaya in ba ta kwana biyu ba. A ganina babu kamar a haɗa koriya 2 da rawaya 1. Ki tsaya a 3, kada ki kai 4. Wajen saye ki danna kusa da hancinta da babban yatsa. In ta loɓa ko fatar ta fara yamushewa, bar ta.

Sai yanka. Ki wanke da ruwan ɗumi saboda kakin da ke fatar, ki fere, ki raba huɗu, ki cire ƙwaryar tsakiya da ƴaƴan. Ki yanka falle-falle, kaurin kamar milimita 3 zuwa 4. Manyan gutsattsari su ne ke nutsewa, nauyinsu ya fi ƙarfin ƙullun tun kafin ya kama jikinsa. Ki zuba a kwano, ki matsa lemun tsami rabi, ki barbaɗa sukari cokali 1 babba da gishiri ɗan yatsa biyu, ki cuɗa, ki bar shi minti 20 zuwa 30. Lemun yana hana ta yin baƙi, don iska ce ke juya launinta da zarar wuƙa ta buɗe naman, tsami kuwa yana rage saurin hakan. Sukarin shi ne ke jawo ruwan waje. Za ki tarar da ruwa ya kwanta a gindin kwanon, cokali uku ko huɗu. Ki tsane tuffar a rariya. Ruwan kada ki zubar: ki tafasa shi minti 2 ya yi ɗan kauri, ki shafa a kan gaton in ya fito, zai yi sheƙi.

A ƙullun ki gyara abu biyu. Sukari ki mayar da shi roba 1 da rabi, tunda tuffa ta zo da nata, kuma yawan sukari yana sa gindi saurin ƙonewa. Sannan lewur. Fakitin nan na giram 11 an auna shi ne domin fulawa giram 500, alhali roba 3 ba ta wuce giram 220 ko makamancin haka ba. In kin juye duka, gaton zai tashi da gaggawa, ramukan iskar su yi girma su fashe, ya koma ya zauna, tuffar ta bi ta nutse. Rabin fakiti da ɗan ƙari ya isa. Ki tabbata lewur na gato ne, garin nan fari, ba na burodi ba. Ki tankaɗe shi tare da fulawar. Ki kaɗa ƙwai da sukari har su yi haske, ki sa yawur da mai, fulawa daga ƙarshe, ki juya har garin ya ɓace kawai ki tsaya. Yawan bugu bayan fulawa ta shiga yana sa gato ya yi danƙo. Kashi biyu cikin uku na tuffar ki barbaɗa musu fulawa cokali 1 ki cusa a ƙullun, sauran ki jera a sama. Kirfa rabin ƙaramin cokali ta ishe ki. Kanumfari in za ki sa, ƙwaya 1 a daka, ya fi haka ya danne ƙanshin tuffar.

Malam Issufu mai fur, Tawa:

Abin da Hajiya ta faɗa kan ruwa gaskiya ne, amma ƴar uwa ko kin bi shi duka, in wutarki ta ƙasa ce kaɗai, gindin zai ƙone kafin tsakiya ta nuna. Gato yana son zafi ta kowane gefe, kusan digiri 180. Tukunya a kan gaz tana ba da zafi mai tsanani daga ƙasa, sama kuwa tururi ne kawai, kuma gaton tuffa yana fitar da tururi da yawa.

Ki samu babbar tukunya mai kauri wadda ba ki dafa abinci a ciki kuma, irin ta dalma da ake zubawa a kasuwar Katako ta Yamai ta yi. Ki zuba rairayi wankakke, busasshe ƙayau, kaurin yatsa biyu. Rairayi mai danshi tururi zai yi ta fitarwa. A kan rairayin ki aza ƙananan gwangwanaye 3 da aka cire wa takarda, ko duwatsu masu tsayi ɗaya, domin mul ɗin, wato kwanon da ake gasa gaton a ciki, ya zauna a kansu, iska mai zafi ta riƙa zagaya shi. Ki bar tazarar yatsa biyu tsakanin mul da bangon tukunyar. Ki rufe, ki kunna wuta matsakaiciya minti 15 kafin gato ya shiga. Gwajin zafi: ki barbaɗa fulawa kaɗan a kan murfin gwangwani ki sa a ciki. In ta yi ruwan zuma cikin minti 5, ya yi. In ta yi baƙi cikin minti 2, ki rage wuta ki jira.

Babban aikin yana kan murfi. Ki hura gawayi a furno, wato murhun gawayi, har ya zama garwashi, toka ta fara rufe shi. Ki kifa murfin ta bayansa in yana zama, ko ki sa faranti na ƙarfe mai faɗi, ki jera garwashin a kai, mafi yawa ta gefe-gefe, kaɗan a tsakiya. In da gawayi za ki yi duka aikin, ƙa'idar ita ce kashi biyu a sama, kashi ɗaya a ƙasa. In gaz ne a ƙasa, ki mayar da shi can ƙasa-ƙasa da zarar gato ya shiga. Murfi mai zafi ba ya tara gumi, ke nan ruwa ba zai riƙa ɗiga a fuskar gaton ba.

Mul ya zama mai faɗi, santimita 22 zuwa 24, ƙullun kada ya wuce kashi biyu cikin uku. Wanda ya fi duka a tukunya shi ne mul mai rami a tsakiya, don tsakiyar da ke ba ki wahala babu ita ke nan. Kada ki buɗe kafin minti 25. Bayan nan ki juya mul ɗin rabin zagaye, ki duba garwashi. Tsakanin minti 45 da awa 1 yake nuna. Ki soka tsinke a wurin da babu tuffa, domin in ya bi ta cikin tuffa zai fito da danshi ko da gaton ya nuna. In sama ta yi ja kuma ciki da saura, ki kwashe rabin garwashin, ki ƙara minti 10. Lokacin hunturu ki yi aikin a inda iska ba ta bugawa, tana cinye garwashi da sauri kuma tana huce gefe ɗaya na tukunyar.

Tanti Rakiya, Yamai:

Ni dai ɗiyata, shawarata ki daina faɗa da tuffar. Tunda ƙasa take so, ki sa ta a ƙasan tun farko, in an gama ki kife gaton ta dawo sama. Salon da Faransawa ke yi ne a tart ɗinsu da ake kira Tatin, sai dai su fallen kwaɓaɓɓiyar fulawa suke rufawa a kai, ke kuma da ƙullun yawur za ki rufe. Ga mai gasawa a tukunya ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, domin zafin ƙasan nan da ke ƙona miki gato, tuffar ce za ta tare shi.

Ki sa sukari giram 100 a kasko mai kauri, wuta matsakaiciya, kada ki juya da cokali, ki riƙa karkata kaskon kawai. In ya narke ya yi launin shayi mai haske, ki sauke ki sa man shanu ko margarin giram 40. Ki yi hankali, zai yi tsartuwa, kuma narkakken sukari ya haura digiri 160, ƙunarsa ta fi ta tafasasshen ruwa muni; yara su yi nisa. In ya kai launin kofi ya wuce, ɗaci zai yi, gara a sake wani. A nan ba falle-falle za ki yanka ba, tuffa 4 kowace ki raba 8. Ki zuba su cikin sukarin, ki mayar kan wuta ba murfi minti 10 zuwa 12, har ruwan da suka saki ya ƙafe ya koma kauri kamar zuma. Wannan matakin shi ne gaba ɗayan sirrin, ruwan ya tafi a kasko maimakon cikin gato. Ki jera su a gindin mul a matse, don sun riga sun ƙanƙance, ki juye romon a kai, ki bari su sha iska minti 5, sannan ki zuba ƙullu. Kashi biyu cikin uku na awonki, bisa gyaran Hajiya, ya isa: ƙwai 2, fulawa roba 2, sukari roba 1. Ki gasa yadda Malam ya bayyana, minti 35 zuwa 40.

Wurin kifewa ake yawan yin asara. In kin kife nan take, romon yana da ruwa, zai kwarare. In kin bari ya huce sarai, sukarin ya daskare ya riƙe tuffar a mul. Minti 10 bayan saukewa, ki zagaya gefe da wuƙa, ki rufa faranti, ki riƙe da tsumma ki juya gaba ɗaya. In ya riga ya kama, ki ɗora gindin mul a wuta minti 1 ya saki.

Maman Nafisa, Yamai:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Hajiya, saura tambaya ɗaya: tuffar da ta riga ta yi laushi, in an ciza sai a ji kamar gari, tana da sauran amfani?

Hajiya Mai Gato, Wadata:

Tana da shi, amma ba a gato ba. Tuffar da ke kasuwanninmu daga nesa take zuwa, irin su Afirka ta Kudu da Faransa, ta daɗe a ɗakin sanyi kafin ta iso. In ta fito ta zauna a tire cikin zafin bazara, abin da ke haɗe naman yana saki cikin ƴan kwanaki, shi ya sa kike jin gari-gari. A gida ki sa ta a firigo cikin leda mai ƴan huji, nesa da ayaba da ganye, domin tana fitar da wata iska da ke sa na kusa da ita saurin nuna.

Mai laushin ki dafa ta. Kilo 1 a fere a yanka, ruwa cokali 4 manya, lemun tsami rabi, ɗan itacen kirfa ko citta ɗanya kaɗan. Ki rufe, wuta ƙasa-ƙasa, minti 15 zuwa 20, ki murƙushe da bayan ludayi. Ki ɗanɗana kafin ki sa sukari, sau da yawa ba ta buƙata. Tana tafiya da yawur, da burodi, da kunu. Jaririn da ya cika wata 6 ana ba shi, ba sukari, ba zuma. Kada ki bar ta ta kwana a tukunyar dalma, tsamin yana cin ƙarfen, launi ya dushe, ɗanɗano ya canza. Ki juye a kwalba mai murfi, firigo, a cinye cikin kwana 3 zuwa 4. Wurin da ya bugu ya yi ruwan ƙasa a yanke a yar. Wadda ta yi fumfuna kuwa a jefar da ita ɗungurungum.

Shi ma gaton tuffa ba ya jure zafi kamar busasshen gato, saboda danshinsa. A watan Afrilu da Mayu kada ya wuce yini ɗaya a waje, kuma kada ki rufe shi a roba sai ya huce sarai.