Idan Gani Ya Fara Dishi-dishi

Masana ido sun yi ittifaƙi: a auna ido kafin a sayi tabarau. Yaron da allon aji ke masa dishi-dishi amma yake karanta littafi garau, ƙwayar idonsa ce ta yi tsawo, haske na taruwa kafin ya kai bayan ido. Gilashin tabarau mai lambar ƙarfi da alamar ragi (-) ke gyara shi. A ɗiga masa magani kafin awo, don tsokar idon yara tana ɓata lambar.

Bayan shekara 40, in ka fara miƙe hannu don karanta waya, tabarau mai lamba +1.00 yakan isa da farko, ya riƙa hawa har wajen +2.50. Mai ciwon suga kuwa ya jira sugan ya daidaita tukuna kafin a auna masa tabarau.