Wane suna za mu raɗa wa kifin wrasse da Hausa?

Jama'a, ga kalmar da ke buƙatar shawararku: wrasse. Dangin kifin teku ne da suka haura iri 600, masana na kiransu Labridae saboda kaurin leɓensu. Babu su a Kogin Kwara, babu su a Tafkin Chadi, shi ya sa ba mu gaji sunansu ba. A ganina "kifin leɓe" ya wadatar wa dangin gaba ɗaya. Idan muka ce "ras", ɗalibi bai ƙaru da komai ba.

Wanda nake so mu tsaya a kansa shi ne ɗan ƙaramin nan, Labroides dimidiatus. Tsawonsa wajen santimita 10 ne, siriri, gabansa fari-fari, bayansa shuɗi. Babbar shaidarsa baƙin layi ne da ya taso daga baki, ya ratsa ido, yana ƙara faɗi har ƙarshen wutsiya. Mazauninsa duwatsun murjani na ruwa mai ɗumi, tun daga Bahar Maliya da gabashin Afirka har tsibiran tekun Fasifik.

Yakan kama wuri guda a jikin dutsen. Manyan kifaye su zo su tsaya cak, su wangale baki, shi kuwa ya shiga yana tsince musu ƙwari masu shan jini da matacciyar fata, ya fito lafiya lau.

An kawo shawarar "wanzamin kifi". Ba laifi, sai dai wanzami ladan aikinsa yake karɓa, ba ya cin abin da ya aske. Ni "carkin teku" nake goyon baya. Carki kaskar jikin saniya ce abincinsa, in ya ga miki kuma ya caccaka. Haka wannan kifin: da ya samu sarari sai ya gutsiri yauƙin jikin mai zuwan, don ya fi masa ƙwarin daɗi, babban kifin kuma ya zabura ya fatattake shi.

A kula, akwai Aspidontus taeniatus mai kwaikwayon launinsa. Ba danginsa ba ne, bakinsa a ƙarƙashin kai yake, kuma cizo yake kaiwa. Shi sai mu ce "jabun carki".

'Yan uwanmu Hausawan Port Sudan da Jidda, ku ne a bakin Bahar Maliya. In akwai sunan da kuka riga kuka saba da shi, ku faɗa mana, naku ne a gaba.