Don Allah a taimaka: "kami" da "tayo" sun ɓata ni da mai gidan hayarmu

Ɗan Gwammaja: Assalamu alaikum 'yan'uwa, ku yi haƙuri da tsawon rubutu. Shekarata biyu da wata huɗu a Manila ina karatun likita. Asali ba nan na nufa ba. Wani ejan ne ya cinye mana kuɗi a kan wata ƙasar, bayan Baba ya sayar da gonarsa, sai kawuna ya ce a gwada Filifin tunda da Turanci ake koyarwa. Na fara zama a ɗakin wani ɗan'uwa kusa da masallacin Quiapo, muka samu saɓani kan kuɗin wuta, wannan labari ne na daban. Daga nan na koma gidan wata tsohuwa da kowa ke ce wa Nanay. Tana riƙe da ni kamar ɗa, ko naman alade ta daina dafawa a tukunyar da nake amfani da ita.

Ranar Sallah na yi dafa-duka na gayyaci abokai uku. Ina so in ce mata za mu ci tare, sai na ce da harshensu na Tagalog "Kakain kami mamaya." Ta ce "sige", ta shige ɗaki, ba ta fito ba har muka watse. Jikarta ce ta gaya mini wai kami na nufin mu ban da ke, da na ce tayo da ta san har da ita. Ta kuma ce tun zuwana nake ce wa kakarta ka (wato "ke" a Tagalog), kamar sa'ata. Tun ranar gaisuwarmu ta yi sanyi. Ga shi an kusa tura mu ɗakin marasa lafiya, kuma tsofaffin Tagalog suke yi. Wakilan sunan nan sun hana ni sakat: ako, ko, akin, duk wai "ni". Yaya kuka yi kuka riƙe su?

Alhaji na Jidda: Wa alaikumus salam. Yaro, kwantar da hankalinka. Shekara goma sha ɗaya na yi ina tuƙa motar asibiti da ma'aikatan jinya 'yan Filifin, babu abin da ban ji ba. Ka liƙa po, kalmarsu ta ladabi, a duk maganar da za ka yi, shi ke nan an gama. Mutanen nan ladabi suke so. Mu da muka koya a bakin aiki ba mu taɓa buɗe littafi ba.

Maman Hanif: Alhaji, po kaɗai ba ta isa ba. Idan ya ce "Kumain ka na po ba?" (kin ci abinci?) ga tsohuwa, ya ba ta girma da hannun dama ya karɓe da hagu. "Kumain na po ba kayo?" ake cewa. Ƙanena, wannan ai namu ne: yadda ba za ka ce wa kakarka "kin tashi lafiya" a wasu gidajen ba sai "kun tashi lafiya", haka kayo take, jam'i ce kuma ta girmamawa. Ni abin da ya fi ba ni wahala lokacin da nake karatun jinya a can shi ne in ce wa mace ka. Bakina ya ƙi. Kuma siya ɗaya ce, babu shi babu ita. Sai a yi ta ba ni labari minti biyar ban san namiji ake nufi ko mace ba.

Alhaji na Jidda: Hajiya, akwai na mace mana. Ikaw na mace, ka na namiji. Haka na ji suna yi.

Maman Hanif: A'a Alhaji. Abu ɗaya ne, wurin zama ne ya bambanta. Ka ba ta fara jimla, sai ta bi bayan wata kalma, kamar "Kumusta ka?" Ikaw kuwa tana iya zuwa farko ko ta tsaya ita kaɗai.

Alhaji na Jidda: To, Allah ya ba da sa'a. Ni dai da nawa na yi shekara goma sha ɗaya babu wanda ya taɓa gyara mini. Akwai wata shugabar sashe da ta riƙe mini kuɗin ƙarin lokaci na wata biyu, ita ma da po na karɓo abina. Ku 'yan boko komai sai kun mai da shi lissafi.

Ɗan Gwammaja: Na gode Yaya. Amma fa ba laifina ba ne. A aji Turanci, a kanti Turanci, abokaina duk 'yan gida ne da 'yan Indiya. Kuma ita Nanay ɗin me ya hana ta gaya mini tun farko?

Abu Sumayya: Ba za ta gaya maka ba, kunya gare su kamar Fulani. Maganar ako da ko kuwa, kada ka haddace su a jere kamar karatun allo, ba za su zauna ba. Aikatau ɗin ne ke zaɓar wanda zai biyo shi. "Tinawag ko ang nars", na kira nas. "Tinawag ako ng nars", nas ta kira ni. Harafi ɗaya ya bar ang ya koma kan ko, mai kira ya koma wanda aka kira. Ni na taɓa cewa "Kinain ako" ina nufin na cinye, ashe cewa na yi an cinye ni, mai shagon abinci har da riƙe ciki. "Kinain ko" ne, ko kuma "Kumain ako". Ka riƙe kowane aikatau tare da wakilin sunansa, jimla guda. Akin kuma ta "gare ni" ce ko "nawa": "Para sa akin." Kami tana da namin da amin, tayo tana da natin da atin. Ni da na fara jin "sa amin" na ɗauka addu'a ake shafawa.

Bakatsine a Cebu: Ku kun ji daɗi. Ni wata shida na yi ina haddar Tagalog kafin in taso, na sauka birnin Cebu na tarar wani harshen daban, Bisaya, ake yi a titi. A Tagalog kita na nufin ni zuwa gare ka, kamar "Tutulungan kita", zan taimake ka. A nan kita ita ce mu har da kai. Kundin tsarin mulkinsu na 1987 ya ce Filifino, wanda aka gina kan Tagalog, shi ne harshen ƙasa, amma je ka kasuwar Carbon ta nan Cebu ka ji. Shawarata kada ya wahalar da kansa, ya nemi ɗan aji ya riƙa yi masa tafinta a asibiti.

Maman Hanif: Tafinta da ƙarfe biyun dare? Ya koyi ko da "Masakit po ba ang tiyan ninyo?", wato cikinku yana ciwo? Kuma ya sayi burodin pandesal gobe da safe, ya ƙwanƙwasa mata ƙofa ya ce "Kain po tayo, Nanay", wato mu ci abinci. Magana ta ƙare.

Ɗan Gwammaja: Yaya, ni fa ban zage ta ba da zan je ina rarrashi. Kuma jarrabawa gare ni mako mai zuwa, ba ni da lokacin bin aikatau ɗaya bayan ɗaya. Na fi gane jadawali, da shi na ci ilimin sassan jiki. Akwai wanda yake da shi a shafi ɗaya?

Alhaji na Jidda: Na gaya maka tun farko. Po.

Ummu Khalil: Salam. Don Allah nawa ne kuɗin makarantar likita a can yanzu a shekara? Ɗana nake nema wa.