Na'urar bin diddigin ɗan wasa a teburin bilakjak: me take gani, ina take kuskure?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Hukuncin caca a addini kowa ya san shi, ba shi na zo tayarwa ba. Tambayata ga waɗanda neman abinci ya kai su aiki a gidajen caca na jihar Nebada ta Amurka ko yankin Makawo na ƙasar Sin ce. Ana cewa yanzu teburin bilakjak, wato wasan kartar da ake bugawa da mai rabo na gidan caca, da kansa ya san nawa mutum ya zuba, da hannu (zagayen wasa) nawa ya buga. Ta yaya? Kuma wa abin ya fi amfana?

Mai kula da tebura:
Wa alaikumus salam. Fara da lissafin, don shi ne dalilin kowace waya da ke ƙarƙashin teburin. Gida ba ya damuwa sosai da ko ka ci ko an cinye ka a daren nan. Abin da yake nema shi ne asarar da lissafi ya ce za ka yi: matsakaicin zubi, sau hannu nawa a awa, sau awa nawa, sau ribar gida, wato kason da lissafin wasan ke ba gidan caca a kan kowane zubi. Misali, dala 50 sau hannu 70 sau awa 4 ya ba da dala 14,000. In gida ya ɗauki ribarsa kashi 1.5 cikin 100, asarar lissafi dala 210 ce. In yana mayar da kashi 30 na wannan asarar a matsayin tukuici, wato abinci ko ɗakin kwana, an ba mutum na dala 63.

A tsohon tsari mai kula ne ke cike waɗannan guraben da ido. Ɗan wasa ya miƙa katinsa na gida, a goga, a rubuta kuɗin da ya canza da lambar kujerarsa, sannan a riƙa leƙowa jefi-jefi, don mutum ɗaya yakan kula da tebur huɗu ko fiye. 'Yan wasa sun gane lagon. In mai kula na tsaye sai su zuba 100, ya juya baya su koma 25, su kuma riƙa sulala kwandala, wato robar da ake zubi da ita a madadin kuɗi, aljihu don a ga kamar an cinye su. Da na'ura, mutumin nan da aka rubuta wa 50 sai a ga gaskiyarsa 35 ce, hannunsa 55 a awa. Asarar lissafi ta dawo wajen 115, tukuici wajen 35. Kusan rabi ya tafi ba tare da an ce masa uffan ba.

Injiniya:
Yallaɓai ya ba da dalili, ga kayan aikin. A cikin kowace kwandalar roba akwai ɗan guntun lantarki na RFID, wato mai bayyana lambarsa ta igiyar rediyo, da siririyar waya a nannaɗe. Ba batir. Eriyar da ke ƙarƙashin kyallen tebur ce ke ba shi wuta, shi kuma ya amsa da lambarsa wadda babu irinta. Na farko-farko suna aiki a kan mita 125 kHz, suna da nawa wajen karanta tarin kwandala. Na yanzu galibi 13.56 MHz ne, musamman fasahar PJM da kamfanin Magellan na Ostareliya ya ƙirƙiro, wadda ke karanta kwandala masu yawa a jibge cikin ƙiftawar ido. Gidan Wynn na Las Begas ya buɗe a 2005 da kwandala mai RFID, daga nan abin ya bazu.

Eriya ɗaya a ƙarƙashin kowane da'irar zubi, wata a tiren da mai rabon karta ke jera kwandala, wata a wurin canjin kuɗi. Inda ake shan wahala: da'irori suna kusa da juna, in aka ƙara wa eriya ƙarfi sai ta tsallaka ta karanta kwandalar maƙwabci ko wadda mutum ya tara a gabansa bai zuba ba, in aka rage, ta saman dogon tari ba ta amsawa. Ƙarfen ƙafar tebur da na tire na karkatar da mitar, shi ya sa duk lokacin da aka canza kyalle ko aka matsar da tebur sai an sake saitawa da kwandalar gwaji, da'ira bayan da'ira. Sannan guntun yakan mutu a ciki saboda bugu, waje kuma lafiya lau. Tire ya ce akwai giɓin dala 500, a ƙirga da hannu a ga daidai, sai a bi su ɗaya-ɗaya a tsamo matacciyar.

Mai rabo:
Injiniya, ka bar babbar matsalar. Bilakjak ba bakara ba ce. A bakara, wani wasan kartar daban, an zuba, an rufe, ba mai sake taɓa kuɗin, shi ya sa tebura masu wayo suka mamaye Makawo a 2024 a kan bakara. A bilakjak kuɗi na ƙaruwa a tsakiyar hannu: mutum ya ninka, ya raba karta biyu masu kama zuwa hannu biyu, ya sayi inshora, wato ƙarin zubin kariya, in mai rabo na nuna kartar as. Dole na'ura ta san daidai lokacin da aka rufe zubin farko. In mai rabo ya makara wajen ba da alamar fara hannu, ko firikwensin bai ga fitar kartar farko ba, za a haɗa ninkin da zubin asali, matsakaici ya kumbura. Wanda ya ajiye ninkinsa rabi a cikin da'ira rabi a waje ma yana rikita karatu, don haka ake koya wa masu rabo su gyara tarin da hannunsu kafin su ba da karta.

Saurin wasa kuma yana bin yawan mutane. Mutum ɗaya da mai rabo za su iya kai hannu 200 a awa, cikakken tebur mai mutum bakwai wajen 50 zuwa 60. Tsohon tsari lamba ɗaya yake ba kowa. Kuma ku sani agogon nan masu rabo ma yake auna wa: hannu nawa a awa, kuskuren biya nawa. In mutum ya sami bilakjak, wato maki 21 da kartar farko biyu, tebur na 3 bisa 2 yana biyan 15 a kan 10, na 6 bisa 5 yana biyan 12. Mai rabo da aka canza wa tebur ya biya da tsohon lissafi, allo zai nuna nan take.

Mai tambaya:
To Yaya, ashe masu ƙirga karta, wato masu bin kartar da ta fita don su san lokacin da wasa ya karkata wajensu, sun shiga uku ke nan?

Mai ɗakin kyamara:
Ba kai tsaye ba, ƙanina. Kwandala kuɗi kawai ta sani, ba ta san karta ba. Sai an haɗa ta da abin da ke karanta karta: akwatin rabo mai ido a bakinsa, ko kyamara daga sama. Tsarin ƙirga da aka fi sani shi ne, karta 2 zuwa 6 ƙari ɗaya, 7 zuwa 9 ba komai, 10 da masu hoto da as ragi ɗaya, sannan a raba jimlar da yawan fakitin da ya rage. Akwati mai fakiti shida karta 312 ne. Manhaja tana jera ƙirgar kowane hannu gefe da zubin mutum. In zubinsa na hawa daga 25 zuwa 200 duk sanda ƙirga ta hau, yana sauka in ta sauka, an gan shi. Amma akwati ɗaya ba ya isa hujja. Wanda ke ƙara kuɗi saboda ya riga ya ci hannu uku a jere zai iya dacewa da ƙirga bisa tsautsayi, don haka ake bin akwati da dama kafin a yanke. Gaggawa a nan tana sa a kori mutumin da gida ke cin riba da shi.

An taɓa gwada haɗa komai wuri ɗaya da tsarin MindPlay, wanda ya koma hannun kamfanin Bally. Karta masu alamar da ido ba ya gani, kyamarori a jikin tire suna karanta zanen gefen kwandala. Aka kai ƙara cewa gida zai iya amfani da shi ya gauraya karta da zarar akwati ya karkata wajen 'yan wasa, hukumar caca ta Nebada ta taƙaita amfani da bayanan ƙirgar, tsarin kuma bai daɗe a kasuwa ba. Ni dai a ganina nan ne rashin adalcin yake: dokar Nebada ta hana ɗan wasa amfani da kowace na'ura wajen ƙirga, gida kuwa nasa na ƙarƙashin tebur. Ƙirga da ka ba laifi ba ce, amma a Nebada gida na da ikon cewa ka daina bugawa. A Niyu Jasi kotun ƙolin jihar ta hana korar masu ƙirga tun 1982, a shari'ar mai ƙirga karta Ken Uston, sai gidajen can suka koma rage yawan kartar da ake rabawa kafin a sake gauraya da taƙaita zubi.

Mai kula da tebura:
Malam, mafi yawan gidaje ba sa ma buƙatar wannan duka. Injin gauraya mai ci gaba, wanda ake mayar masa da karta bayan kowane hannu, ya kashe ƙirga, ga shi ba a tsayawa. Abin da karatun karta ya fi yi wa gida shi ne auna gwaninta. Wanda ke bin daidaitaccen salon wasa a tebur mai dokoki masu kyau, ribar gida a kansa wajen rabin kashi ɗaya cikin 100 ce. In aka sa masa 0.5 maimakon 1.5, tukuicin nan na 35 ya koma wajen 12.

Akawun canji:
Ku ƙara da ɓangaren kuɗi. Kowace kwandala na da tarihi a kwamfuta, ta jabu ba ta amsawa, wadda aka sace ana iya soke lambarta. Bayan fashin gidan caca na Bellagio da ke Las Begas a Disamban 2010, inda aka kwashe kwandala ta wajen dala miliyan 1.5, sai da gidan ya janye samfurin kwandalarsa ta dala 25,000 gaba ɗaya. Da lamba a jikin kowace, a wurin canji ake tare ta. Haka kuma dokar Amurka ta ce tsabar kuɗi da ta haura dala 10,000 a yinin caca ɗaya sai an cike rahoto da shaidar mutum. Tsarin na tara abin da ya canza a tebura daban-daban, kuma rarraba kuɗi da gangan don kauce wa rahoton laifi ne mai zaman kansa.

Mai rabo:
Akawu, duk wannan ya dogara ne da lambar kujera. Na'ura kujera take bi, katin ne ke ce mata wane ne a kai. Mutum ya tashi ba a rufe zamansa a allo ba, wani ya zauna, zubin na biyu na shiga asusun na farko. Mutum ya matsa daga kujera ta 3 zuwa ta 5 don hayaƙin taba, ba a matsar da shi a allo ba, an rubuta masa awa guda ba zubi. Mai buga da'ira biyu kuma sai an ɗaure dukansu da katinsa, in ba haka ba rabin wasansa ya tafi a banza. Lokacin canjin aiki aka fi samun wannan, don mai shigowa bai san wa ya zauna ina ba. Gyaran shi ne a bi kujerun allo ɗaya-ɗaya da fuskokin da ke zaune kafin mai fita ya bar tebur.