Akwatin geocache a lambun shaƙatawa: karrama dattijo ne ko janyo masa magana?

Baban Amira: Ni dai na ce unguwar da ke son tunawa da dattijonta, a Amurka ko Ingila, gara ta ɓoye geocache da sunansa a lambun gari da ta kafa allon tunawa. Geocache akwati ne da ake ɓoyewa don wasa, a sa lambobin GPS na wurin a intanet, masu wasan su nemo shi. Allo wucewa ake yi. Wanda kuwa ya bi lambobin GPS har ya buɗe akwati, sai ya karanta tarihin mutumin kafin ya sa hannu a littafin ciki.

Hajiya Maryam: Ban yarda ba, Baban Amira. Masu wasan kaɗai za su gani. Ga kuma dokar Geocaching.com, dandalin da ake yi wa kowane akwati shafi: shafin akwati ba ya tallata siyasa, addini ko neman gudummawa, alhali yawancin hidimar dattijon unguwa a nan take. Mai tantance shafuka a dandalin zai dawo maka da shafin.

Baban Amira: Hajiya, ba a hana faɗin wane ne shi da abin da ya yi ba. Kira ga mutane su ba da kuɗi ko su bi wata tafiya, shi ne matsalar.

Malam Idi: Ni abin da ke damuna lalacewa ce. Littafi ya jiƙe ya yi funfuna da sunan mutumin kirki a kai, wannan cin fuska ne. In za a yi, a nemi izinin hukumar lambun tukuna. Tsakaninsa da wani akwatin kada ya gaza mita 161. Ba haƙa, ba buga ƙusa a bishiya. A sami roba mai kamar lita 1, mai danƙo a bakin murfi da maƙalai huɗu, littafin kuma a leda mai zik. Fensir ya fi biro. Kada a sa alewa ko sabulu, ƙamshi ke kawo dabbobi su tauna robar. A ajiye a inuwa, rana na busar da roba ta tsage.

Hajiya Maryam: Ka manta lambobin, Malam. Ƙarƙashin bishiyoyi waya na iya kaucewa da mita 10. Mutum ashirin su yi ta laluben wannan fili, furanni sun tafi, kuma da sunan marigayin za a yi ƙorafi.

Malam Idi: Gaskiyarki. Shi ya sa ake auna wurin sau da yawa a ranaku daban a ɗauki matsakaici, a kuma rubuta manuniya ƙarara. Robar ta zama mai nuna abin ciki, an rubuta geocache a jiki. A Wetherby ta Ingila a 2011 an ɗauka wani akwati bam ne, sai da aka rufe titi aka fasa shi.

Baban Amira: To a haɗa biyun. Kusa da Beavercreek a Oregon, inda Dave Ulmer ya ɓoye geocache na farko a duniya ranar 3 ga Mayu 2000, allo aka kafa, ga akwati a kusa.

Hajiya Maryam: Kenan allon ne ke karramawar. Akwatin kuwa sai an sami mazaunin kusa da zai riƙa leƙa shi bayan ruwan sama, ya sauya littafi in ya cika. In babu shi, ban goyi baya ba.